Gida a Kulle Cikin Hunturun Turai: Yadda Ake Barin Injin Janyo Zafi

 

Duk shekara da Disamba ta kama, jiragen da ke tashi daga Landan zuwa Abuja cike suke da iyalai masu zuwa ganin gida: wannan bikin ƙanwarsa, waccan gaida mahaifiya, wasu kuma hutun makarantar yara ne ya ba su dama. Ga shi kuma azumi ya gangaro cikin sanyi. Na 2025 a watan Maris aka yi shi, kuma tun da yake kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, nan da shekaru masu yawa masu zuwa Umara da masu zuwa sallah gida a tsakiyar hunturu za su riƙa kulle ƙofa.

Wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi yana da tarbiyya guda game da tafiya: a kashe komai. A zare filogin firji, a rufe tukunyar gas, a sauke babban makunnin wuta, sannan a sa kwaɗo. Tarbiyya ce mai dalili, domin wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi ta ƙona wa mutane kaya ba adadi, wani lokaci har da gobara. Amma a Leeds ko Toronto ko Oslo, a gidan da injin janyo zafi ke ɗumamawa, wannan sauke makunnin shi ne mataki mafi hatsari da matafiyi zai ɗauka. Abin da wannan lacca ta zo da shi ke nan: ba a kashe wannan inji idan za a yi tafiya cikin sanyi. Rage shi ake yi gwargwadon daɗewar tafiyar, a kuma dawo da shi a hankali.

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan banki da rana tsaka ya ji hucin da akwatin esi na waje ke fesowa, ya riga ya san rabin labarin injin. Esi zafin cikin ɗaki yake kwasa ya zubar a waje. Idan aka juya aikin, ya kwaso zafin waje ya zuba a cikin ɗaki, an sami injin janyo zafi. Mutum zai ce wane zafi ne a waje cikin Janairu, alhali yatsu na ƙagewa? Amsar tana cikin gas ɗin da ke zagaye a bututun injin. Ɗaya daga cikin waɗanda ake amfani da su yanzu, R290, yana tafasa ne a digiri 42 ƙasa da sifili. A wurinsa iskar da take digiri 2 iska ce mai zafi. Sai ya tsotsi wannan zafin ya zama tururi, kwamfaresa ta matse shi har ya yi zafi sosai, ya miƙa zafin ga ruwan da ke zagaya lagiretocin bango ko bututun ƙarƙashin daɓe, ya huce, ya koma waje ya sake ɗauko wani.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Lord Kelvin na Jami'ar Glasgow ya bayyana ta tun 1852, Peter von Rittinger ya gina irinta a Ostiriya tsakanin 1855 da 1857 don dafa gishiri, kuma a 1938 aka fara ɗumama zauren majalisar birnin Zurich da zafin da ake janyowa daga kogin Limmat. Abin da ya sa ta bazu a yanzu shi ne lissafi: yunit ɗaya na lantarki yana kawo yunit 3 zuwa 4 na zafi, yayin da hita ta ƙarfe mai jan wuta ba ta taɓa wuce ɗaya bisa ɗaya ba. A Norwe kusan kashi 60 cikin 100 na gidaje suna da injin. A 2022 an sayar da kimanin miliyan 3 a Turai, kuma a wannan shekarar cinikinsa a Amurka ya zarce na murhun gas na ɗumama gida. A Ingila da Wales, tun Oktoban 2023 gwamnati na ba da tallafin fam 7,500 ga mai son sauya tukunyar gas ta ɗumama gida da shi. Saboda haka ɗalibin da ya kama haya a sabon gini, ko likitar da ta sayi gida a bayan gari, za su iya wayar gari da wannan akwati mai fanka a jikin bango ba tare da kowa ya zauna ya koya musu halinsa ba.

Halin nasa kuwa shi ne tushen maganar. Tukunyar gas doki ce: a zabure ta, nan da nan ta kai. Injin janyo zafi raƙumi ne, mai tafiyar sannu da cin kaɗan, wanda idan aka matsa masa sai ya yi sukuwa, asara za a yi. Tukunyar gas da ake sawa a yawancin gidajen Birtaniya tana da ƙarfin kilowat 24 zuwa 30, tana tura ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 75, cikin awa ɗaya ɗaki ya ɗauki ɗumi. Injin janyo zafi na gida irin wannan bai fi kilowat 5 zuwa 8 ba, domin ana auna shi ne daidai da zafin da gidan ke zubarwa a ranar da ta fi sanyi, kuma ya fi jin daɗin aiki da ruwa mai digiri 35 zuwa 45. Duk digirin da aka ƙara wa ruwan, kwamfaresa sai ta ƙara matsawa, ribar lantarkin ta ragu. Injin da ke ba da fiye da yunit 4 da ruwa mai digiri 35 zai iya saukowa zuwa 3 ko ƙasa da haka idan aka nemi 55.

Akwai kuma wani ɓoyayyen maciyin kuɗi. Injuna da yawa suna ɗauke da hitar lantarki ta ko-ta-kwana a cikinsu, wadda ke tashi idan injin ya ga ba zai kai inda aka saita da wuri ba. A Amurka da Kanada, inda injin ke hura iska ta cikin bututu, tsofaffin na'urorin saita zafi sukan kunna wannan hita da zarar tazarar ta wuce kamar digiri 1. Shi ya sa Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, wadda ke cewa rage zafin gida da digiri 4 zuwa 6 na awa 8 kullum zai iya rage kuɗin shekara da kusan kashi 10 cikin 100, ita da kanta ta ware masu injin janyo zafi, ta ce su wannan shawara za ta iya juye musu, sai dai idan na'urar saitinsu ta san yadda za ta dawo da zafin ba tare da hitar ba.

Daga nan ne wasu masu sa injin suka ɗauki karatun suka wuce gona da iri, suna cewa kada a taɓa shi sam, a bar shi a digiri 21 dare da rana ko da gidan ba kowa wata guda. Wannan ma ba daidai ba ne, kuma lissafi mai sauƙi ya isa ya nuna haka. Zafin da gida ke zubarwa yana bin tazarar da ke tsakanin ciki da waje. A ɗauki gidan da ke zubar da wat 200 a kan kowane digiri na tazara, a ce waje digiri 5 ne. Idan ciki 20 ne, tazarar 15 ce, asarar kilowat 3, wato yunit 72 na zafi a yini, kimanin yunit 20 na lantarki. Idan aka sauke cikin zuwa 12, tazarar ta koma 7, lantarkin ya sauka ƙasa da yunit 10. A ce yunit kwabo 25 ne na Ingila: bambancin ya kai kusan fam 2 da rabi kullum, fiye da fam 50 a tafiyar mako 3. Kuɗin sake ɗumama bango da daɓe ranar dawowa ba zai cinye wannan ba. Amma wanda ya fita aiki ƙarfe 8 ya dawo ƙarfe 5, gidan bulo mai rufin kirki bai ma gama hucewa ba kafin ya dawo, don haka ribar 'yar kaɗan ce, kuma hitar ko-ta-kwana za ta iya lashe ta cikin rabin awa.

Saboda haka tsawon tafiyar ne ke yanke hukunci. Fitar yini guda, a bar shi yadda yake ko a rage digiri 1 ko 2. Tafiyar ƙarshen mako zuwa Birmingham, a sauke zuwa 16 ko 17. Tafiyar mako guda zuwa sama, wajen 12 zuwa 15 ne ra'ayin mai wannan jawabi ya tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da digiri 18 a matsayin mafi ƙaranci, amma wannan na gidan da mutane ke ciki ne. Idan an bar tsohuwa ko marar lafiya a gida, to gidan ba a kulle yake ba, kuma babu maganar ragewa.

Me ya sa ba za a sauka ƙasa da 12 ba, tunda ruwa ba ya daskarewa sai a sifili? Dalili na farko shi ne na'urar saita zafi tana falo ne, bututun ruwa kuwa suna ratsa silin da gareji da bangon da ke fuskantar waje. Falo na digiri 7, kusurwar silin tana iya kaiwa sifili a daren da sanyi ya tsananta. Ruwa idan ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ya toshe bututu, ya matse ruwan da ya rage har ƙarfen ya tsage. Abin takaicin shi ne ba a ganin ɓarnar a ranar. Sai sanyi ya sassauta, ƙanƙarar ta narke, sannan ruwa ya fara zuba daga sama, ya jiƙa katifa, ya kumbura katakon ƙasa, ya sauko wa maƙwabcin bene na ƙasa, maigida kuwa yana can yana cin tuwon biki. A Fabrairun 2021, lokacin da guguwar sanyi ta faɗa wa jihar Teksas, gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan 4 suka rasa wuta, hukumomin jihar suka ƙirga mutum 246 da suka rasu, kuma fashewar bututu ce ta cika takardun neman diyya daga kamfanonin inshora. Birtaniya ma ta ɗanɗana nata a ƙarshen Fabrairun 2018 da kuma Disambar 2022, inda narkewar da ta biyo bayan daskarewa ta bar unguwanni ba ruwan famfo.

Dalili na biyu danshi ne. Iskar ɗaki mai digiri 20 da laima kashi 60 cikin 100 tana fara zubar da raɓa a kan duk abin da ya yi sanyi zuwa digiri 12. Bangon bayan kabad da gefen taga su ne farkon kaiwa can, kuma nan funfuna ke kafa sansani, ta bi manyan riguna da atamfofin da aka adana, ta bi littattafai. Gidan da ba kowa ba a girki, ba a wanka, ba numfashi, don haka laimarsa na raguwa, shi ya sa zai iya jure sanyin da gida mai mutane ba zai jure ba. Sharaɗin shi ne kada a shanya wankin ƙarshe a ɗaki a kama hanyar filin jirgi. A bar ƙofofin ciki a buɗe, a bar ƙananan kafofin iska na saman taga a buɗe, a ɗan janye kujeru daga jikin bango.

Ga wani ƙaramin abu da ba kasafai ake tunawa da shi ba. Firjin gida an yi shi ne don ɗaki mai ɗumi. Masu alamar SN ba a ba da tabbacin aikinsu ƙasa da digiri 10 ba. Irin wanda na'urar saiti ɗaya ke kula da sama da ƙasa, idan kicin ya yi sanyi ƙwarai sai ya ga ba shi da aiki ya kwanta, ɓangaren ƙanƙara ya narke. Uwargida ta dawo ta tarar da naman da kayan miyan da ta tara sun lalace a tsakiyar hunturu, ta rasa wa za ta zarga.

Dalili na uku takarda ce. Yawancin inshorar gida a Birtaniya tana rage abin da take ɗauka idan gida ya zauna ba kowa fiye da kwana 30, wasu 60, kuma da yawa suna sharaɗin a bar ɗumi a wani mataki da suka ambata ko a zuƙe ruwan bututu gaba ɗaya. Adadin yana cikin takardar kowa, a nan za a duba. Ɗan haya ma bai tsira ba. Tun 1953, a shari'ar Warren da Keen, alƙali Denning ya lissafa kula da ruwa lokacin tafiyar hunturu cikin ƙananan hidimomin da ke wuyan mai haya. Wanda ya sauke makunni bututu ya fashe, mai gidan zai iya bin sa kuɗin gyara.

Sai kuma injin kansa, wanda shi ma yana da rai da za a kare. Irin da ya fi yawa a Birtaniya shi ne wanda duk kayan aikinsa ke cikin akwatin waje, ruwan gida yana fita ya shiga cikinsa ya dawo. Muddin akwai wuta, idan sanyi ya sauko injin zai riƙa zagaya da ruwan, ya ɗan ɗumama shi don kada ya daskare, ko da an kashe shi daga allon saiti. Da an yanke masa wuta wannan tsaro ya tafi. Masu sawa sukan zuba ruwan hana daskarewa a cikin bututun, ko su sa bawul ɗin da ke buɗewa da kansa ya zubar da ruwan idan ya sauko wajen digiri 3, amma wannan tanadin ɗaukewar wuta ne ta gaggawa. Idan aka yi rashin sa'a ƙanƙara ta tsaga cikin injin, gyaran ya ninka abin da ake neman tsimi sau da yawa. Har ila yau, kamfanoni da dama suna gargaɗin cewa injin da ya daɗe ba wuta cikin sanyi a ba shi wutar awanni kafin a tayar da shi, don man kwamfaresa ya yi ɗumi. Mai dawowa daga tafiya da tsakar dare da yara suna rawar ɗari ba zai yi wannan haƙurin ba.

Mutanen arewacin Turai sun daɗe da warware wannan matsala, domin al'adarsu ce mallakar gidan hutu a daji ko bakin tafki da ke zama a kulle watanni. A Finlan kaɗai akwai irin waɗannan kimanin rabin miliyan. Shi ya sa injunan da Panasonic da Toshiba da Mitsubishi Electric ke kai wa kasuwar can suke zuwa da maɓallin riƙe gida a digiri 8 ko 10, ƙasa da inda rimot na yau da kullum ke tsayawa. Sai dai a lura, mai gidan hutu a Suwidin ko Norwe yakan rufe ruwa, sau da yawa ya zuƙe bututun, kuma gidan katako ne da aka gina da sanin za a bar shi. Mai gidan bulo na zamanin Sarauniya Victoria a Bradford, da tankin ruwa a cikin silin, kada ya kwafi adadin ya bar sharaɗin. Mutanen arewacin Turai ne kuma suka saba da kiran gidan hutu ta waya ko aika masa saƙon tes ranar Alhamis don ya yi ɗumi kafin isowar Juma'a, tun kafin wayar zamani ta zo.

Yau wannan aikin manhaja ke yin sa. Mitsubishi na da MELCloud, NIBE na da myUplink, Daikin na da Onecta, Vaillant na da myVAILLANT. Mutum yana zaune a Sakkwato zai ga zafin falonsa na Glasgow, ya ɗaga ko ya sauke. Kusan kowane allon saiti kuma yana da tsarin hutu, inda ake shigar da ranar tafiya da ranar dawowa, injin ya rage ɗumin ɗakuna, ya daina dafa ruwan wanka, ya ci gaba da tsaron daskarewa. Ga mai tafiya, wannan tsarin hutu ya fi manhaja amana, domin a cikin injin yake zaune, ba ya jiran intanet. Manhaja kuwa tana rataye da rautar gida, da sabar kamfani, da layin da ke hannun matafiyi a ƙauyen da sabis ke zuwa yana tafiya. Wanda ya zare filogin rauta don tsimin wuta ya yanke igiyar da hannunsa. Na'urori masu wayo ma sukan yi tuntuɓe: a Janairun 2016 wani kuskure a manhajar Nest, kamfanin da Google ya saya dala biliyan 3.2 a 2014, ya zuƙe batirin na'urorin saita zafi na mutane da dama, suka farka cikin sanyi. Su suna gida, sun tashi sun gyara. Gidan da ba kowa haka zai kwana ya wuni.

Masu mitar kati su buɗe kunne a nan. Kuɗin tsayuwa na kullum yana cin abin da ke cikin mitar ko an sha wuta ko ba a sha ba, injin kuma yana ci gaba da nasa cin. Idan kuɗin ya ƙare a mako na biyu, daidai yake da an sauke makunni. A loda fiye da abin da lissafi ya nuna, a kuma tabbata ana iya ƙarawa daga nesa.

Dawowa ita ce inda aka fi yin ɓarna. A koma ga gidan misalin nan: injinsa kilowat 6 ne, gidan yana zubar da 3 idan ya kai digiri 20, saura 3 kacal don ɗumama tan-tan na bulo da siminti da suka yi mako 3 suna shan sanyi. Iskar ɗaki takan yi ɗumi da wuri, bango kuwa sai ya ɗauki yini ko biyu, daɓe mai bututu a ƙarƙashi ya fi haka nawa. Wanda ya shigo da akwatuna ya murɗa saiti zuwa 28 bai ƙara wa injin sauri ba. Hitar ko-ta-kwana kawai ya tasa, ko ya tilasta ruwan ya hau digiri 55, mita ta kama gudu. Abin yi shi ne a sa ranar dawowa a tsarin hutu ta riga ainihin ranar da awa 24, ko 48 idan ana tsananin sanyi ko gidan mai ɗumin daɓe ne, a bar injin ya hau da ruwansa na kullum. Mai tsarin biyan wuta da ke da awannin rahusa, irin Cosy na kamfanin Octopus, zai iya daidaita hawan da waɗannan awanni.

Tankin ruwan zafi yana da nasa hukuncin, kuma wannan maganar lafiya ce. A Yulin 1976, tsofaffin sojojin Amurka suka yi taro a wani otal a Philadelphia, fiye da mutum 180 suka kamu da ciwon huhu, kusan 30 suka rasu. Ƙwayar cutar da aka gano daga baya, Legionella, tana hayayyafa a ruwan da ke kwance tsakanin digiri 20 da 45, tana shiga huhu ta feshin shawa, kuma digiri 60 na kashe ta. Injin janyo zafi yakan riƙe tanki a wajen 45 zuwa 50 don tsimi, sannan lokaci-lokaci, galibi mako-mako, ya ɗaga shi zuwa 60. Babu amfanin dafa lita 200 kullum ba mai wanka, don haka a kashe ɓangaren ruwan zafi yayin tafiya. Amma kafin kowa ya shiga wanka ranar dawowa, a tabbata tankin ya hau 60, a buɗe taga, a saki kowane famfo da shawa su zuba na 'yan mintoci. A fi kiyayewa idan akwai tsoho ko mai ciwon ƙirji a cikin iyalin.

Babban makullin ruwan da ke shigowa gida, wanda galibi yana ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin, shi kam a rufe shi. A tsarin da ruwan ɗumama yake rufe a cikin bututunsa, wannan ba ya hana injin aiki, kuma ko wani bututu ya tsage, abin da zai zuba bai wuce wanda ke ciki ba. Wanda bai tabbatar da irin tsarin gidansa ba ya tambayi wanda ya sa masa injin.

Tafiyar bazara ba ta da wannan dogon lissafi: a kashe ɗumin ɗakuna daga allo, a bar wa injin wutarsa.

Akwai abin da manhaja ba ta gani. Ba ta ganin dusar ƙanƙarar da ta taru ta toshe fankar waje, ko ledar da iska ta manna a bayan akwatin, ko bututun da ke zubar da ruwan narkewa ya daskare ya zama tudu. Injin da kansa yana narkar da ƙanƙarar da ke kama shi, yana fitar da tururi kamar hayaƙi, abin da kan tsorata maƙwabcin da bai sani ba, don haka a gaya masa tun da wuri ba gobara ba ce. Amma idan allon ya nuna lambar matsala ya tsaya, sai ɗan Adam ya zo ya danna. A gida Najeriya ko Nijar ba a rasa mai gadi ko ƙanen da zai kwana a shago. A nan Birtaniya sai an nema, kuma tarukan jama'a irin wannan su ne wurin neman.

Don haka, 'yan'uwa masu shirin tafiya a wannan hunturu: mako guda kafin ranar jirgi a ɗauko littafin injin a nemo tsarin hutu, a gwada shi ana gida ana gani. A karanta sharaɗin inshora ko takardar haya. A liƙa takarda a jikin makunnin injin da na rauta cewa kada a kashe, domin mai kashewar sau da yawa wani ne cikin iyali da ya fito ƙarshe. A ba amintaccen mutum makulli da lambar mai gyara, a roƙe shi ya leƙa sau ɗaya a mako, da kuma washegarin duk daren da sanyi ya sauka ƙasa da sifili. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya.